Ta yaya kamfani ke samun takardar shaidar ISO 14001?

Majemi daga Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Ina kula da wata masana'antar jima a Kano, kuma masu sayen fatunmu a Italiya sun ce ba za su sabunta kwangila ba sai mun nuna musu takardar ISO 14001, wato shaidar cewa kamfani yana da tsarin kula da muhalli. Wani ya yi mana tayin kawo ta cikin mako biyu. Shin haka ake samunta?

Injiniyan Muhalli:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi hattara da wannan tayin. Ƙungiyar ISO da ke Suwizalan ƙa'ida kawai take rubutawa, ƙa'idar ISO 14001 kuwa ta fara fitowa a 1996, aka sabunta ta a 2004 da 2015. Masu bayar da takardar hukumomi ne daban, waɗanda su ma sai an tantance su, kamar yadda UKAS ke yi a Birtaniya.

Kafin ka gayyaci kowa, sai kun rubuta manufar kamfani kan muhalli, kun tantance duk inda aikinku ke taɓa ruwa da iska da ƙasa, musamman dagwalon da ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, sannan kun binciki kanku, shugabanni sun zauna sun duba sakamakon. Daga nan masu bincike za su zo sau biyu. Zuwan farko na duba takardu ne. A na biyu za su shiga cikin masana'anta, su bi magudanar ruwa har inda ta ƙare, su tambayi leburan da ke gaban ganga abin da zai yi idan sinadari ya zube. Duk babban giɓin da suka gano sai an toshe shi kafin a sa hannu, abin da ba ya yiwuwa cikin mako biyu.

Tsohuwar Odita:
Ina ƙara da cewa takardar shekara 3 take yi, kuma kowace shekara ana dawowa dubawa, ana iya dakatar da ita. Haka nan hukumar da za ta ba ku shaida ba ta da izinin zama mai tsara muku tsarin, domin ba a alƙalanci a kan aikin kai.

Malami daga Zariya:
Alhaji, kada a manta cewa wannan takarda ba ta ɗauke muku bin dokokin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, hasali ma masu binciken za su nemi hujjar cewa kuna auna kanku da su. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana bayar da wannan takarda a nan gida, amma ka fara tambayar abokan cinikinka wace hukuma suka amince da ita kafin ka biya ko sisi.