Ana iya gane mutum daga ƙashi kawai?

Dan_Bajoga: Slm 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Ruwan sama ya zaizaye wani kwari a gefen garinmu ƙasusuwan mutum suka fito, 'yan sanda sun kwashe, to yayanmu ya ɓata shekaru da dama kuma Inna ta kafe shi ne, wai gwajin DNA zai iya tabbatarwa ko da nama ya ƙare?

Maman_Hanif: Allah ya bayyana gaskiya. Matarsa fa? Maganar takaba da gado duk suna jiran wannan amsar.

Malam_Lab: Zai iya ƙanina. Haƙori, musamman turmi, da ƙashin cinya da wani ƙashi mai tauri ta wajen kunne su suka fi riƙe DNA, ana niƙa ɗan guntu ya zama gari a ciro shi. Amma shi kaɗai ba zai faɗi suna ba sai an gwada da na dangi, shi yasa Inna ce ta fi dacewa ko ɗansa in yana da shi, ɗan auduga za a goga mata a cikin kunci shikenan ba sai an ɗebi jini ba. Matsalar dai zafi da danshin ƙasa suna lalata DNA ɗin ƙashin, wani lokaci a yi gwajin ba a samu komai ba.

Dan_Bajoga: A ina ake yi?

Malam_Lab: Legas ta buɗe cibiyar DNA a 2017. Hatsarin jirgin Dana na 2012 kuwa har Ingila aka kai samfuri. Ku bi ta hannun 'yan sanda, kar ku yarda a binne kafin a ɗauki samfurin.