Wa'azin YouTube da na fastonmu na ƙauye, me ya sa suka bambanta haka?

Ɗan Kwoi: Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ke damuna tun Lahadi. Na saurari wani mai wa'azi na Amurka a YouTube yana bayani a kan misalin ɓataccen ɗa, Luka 15, kusan minti 40 duk maganarsa a kan yadda yaron ya ɓarnatar da kuɗi ne, ka tsara rayuwarka, ka iya riƙon dukiya. Da na je gida sai ga fastonmu ya ɗauko wurin nan dai, amma shi ya tsaya a aya 14 da 16, yunwa ta faɗo ƙasar kuma ba wanda ya ba yaron komai, har wata tsohuwa a bencin gaba tana share hawaye da bakin zaninta. To wanne ne daidai? Ko in daina sauraron na waje?

Maman Tagwaye: Ɗana duka biyun suna cikin surar ai. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba idonsa zai tsallake aya 14 bai ma sani ba. Mu da muka san watan Agusta in rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, dole wurin ya taɓa mu. Ka duba aya 20 ma, uban ya sheƙa da gudu ya tarye shi. Dattijo mai gida da barori ya tattare riga yana gudu a gaban mutanen gari saboda yaron da ya kunyata shi? Mu mun san nauyin wannan, ba sai an yi mana bayani ba.

Malamin Sande Sukul: Gaskiya ne Mama, amma kada mu ɗauka Turawa kaɗai al'ada ke rufe wa ido. Mu ma fa haka ne. Sau nawa aka yi wa'azin aure a majami'unmu aka zauna a Afisawa 5:22, mata ku yi biyayya, aka ƙi ƙarasawa zuwa aya 25 inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikkilisiya? Kuma saboda girmama manya fasto yakan ji nauyin tsawata wa dattijo mai kuɗi ko da kowa ya san abin da yake yi, wannan na ƙona min rai sosai. Marigayi Byang Kato, malamin tauhidi, mutumin garinku ne ma Ɗan Kwoi, ya yi karatu a Amurka ya dawo yana cewa a bayyana bishara cikin al'adarmu amma Littafi Mai Tsarki ne zai auna al'adar, har ya rasu a 1975 a kan haka yake.

Ɗan Kwoi: Na gode Malam. Kenan in ci gaba da saurara?

Malamin Sande Sukul: Ci gaba, amma ka faɗaɗa kunne, ba Amurka kawai ba. Ka nemi na Koriya ta Kudu ka ji yadda suka riƙe addu'ar asuba, ka nemi na Kenya da Gana. Littafinka a buɗe a cinya, ka karanta surar gaba ɗaya kafin ya fara. Ran Laraba ka zo nazari da Luka 15 ɗin, babban wan da ya ƙi shiga biki ba mu taɓa shi ba tukuna.