Neman kalma: me za mu kira abin da ke narkewa a rim ɗin tayar jirgin sama?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar da nake so mu tsayar wa suna a yau ita ce wadda injiniyoyin jirgi suke kira "fusible plug" da Turanci, domin duk lokacin da jirgi ya fasa tashi ya tsaya a kan titi tayoyinsa suna hayaƙi, masu fassara labarai sukan rubuta cewa tayoyin sun fashe, alhali sau da yawa sacewa suka yi, kuma haka aka ƙera su su yi.

Bari mu fara ganin abin kansa. Birkin babban jirgi faya-fayai ne da aka jera a cikin rim, na ƙarfe ko na kabon, waɗansu suna juyawa tare da taya, waɗansu suna tsaye, sai man haidirolik ya matse su wuri guda. Idan matuƙi ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, jirgi cike da mai da fasinja yana dab da ɗagawa, duk wannan gudun zafi yake komawa, har faya-fayan su yi jawur kamar garwashi. Haɗarin ba ya ƙarewa da tsayuwar jirgi, domin zafin yana ci gaba da ratsa rim zuwa cikin taya na tsawon mintuna bayan haka, iskar da ke ciki tana kumbura, ga shi dama matsinta ya ninka na tayar ƙaramar mota sau shida ko fiye. Saboda haka aka huda rim, aka ɗaura wani ɗan kusa mai rami a tsakiya, aka cike ramin da gaurayen ƙarfe mai saurin narkewa. Zafi yana kai wani mataki, kusa da digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, sai cikon ya narke, iska ta fita da shuuu, taya ta kwanta. Ko a gwajin da ake yi wa sabon jirgi kafin a ba shi izinin aiki, inda ake tsayar da shi da birkin da ya riga ya cinye, ba tare da an juya ƙarfin inji baya ba, sannan a bar shi minti 5 ba a taɓa shi da ruwa ba, sacewar tayoyi ta wannan hanya ba a lissafa ta a matsayin faɗuwa a gwajin.

Shawara ta farko da aka kawo ita ce fulogi. Ban goyi bayanta ba, saboda duk wanda ya taɓa zama a garejin makanike ya san fulogi shi ne mai ba injin fetur wuta, kuma kiran abin da ke hana taya tarwatsewa saboda zafi da sunan abin da ke tada tartsatsi zai rikita mai karatu. Wani malami ya ce bawul, irin wanda mai faci yake kwancewa ya sace taya. Ya yi kusa, amma bawul buɗewa yake ya rufe, a sake amfani da shi gobe, wannan kuwa sau ɗaya yake aiki, sai an cire tayar an kai ta wajen gyara. Fiyus ya fi su ƙarfi a ma'ana, domin shi ma yana sadaukar da kansa ne don ya tsare abin da ya fi shi tsada, sai dai kunnen Bahaushe yana jin fiyus zai tafi ga wutar lantarki. Matoshin dalma kuma yana da daɗin faɗi, amma zai ɗora mana da'awar cewa cikon dalma ce zalla, ga shi gauraye ne.

Abin da nake ba da shawara shi ne matoshi mai narkewa, jam'insa matosai masu narkewa. Matoshi kalma ce da kowa ya sani, daga na kwalba zuwa na tulu, kuma "mai narkewa" ya faɗi aikinsa gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa na dage a kan bambanta sacewa da fashewa shi ne, fashewar tayar jirgi ta gaske masifa ce da ta taɓa mu. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin DC-8 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya fara gudu da tayar da ba ta da isasshiyar iska, nauyi ya koma kan maƙwabciyarta, biyun suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar, mutum 261 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A Meziko kuma, ranar 31 ga Maris 1986, birkin wani Boeing 727 ya ɗau zafi, tayar da aka hura da iskar gama-gari a maimakon naitirojin (iskar da ba ta rura wuta) ta tarwatse a ma'ajiyarta bayan tashi, ta tsinka bututun mai, mutum 167 suka mutu. Haɗarin tarwatsewar taya ne ya sa 'yan kwana-kwanan filin jirgi ba sa tunkarar taya mai zafi ta gefe, daidai saitin gatarinta, sai ta gaba ko ta baya, saboda idan rim ya tarwatse ta gefe gutsattsarinsa suke fita. Idan muka kira kowane hali fashewa, mai karatu ba zai iya raba ranar da kariya ta yi aikinta da ranar da ta gaza ba.

A labari, ga yadda jimlar za ta zauna: "Matuƙin ya fasa tashi, birki ya ɗau zafi, matosai masu narkewa suka sace tayoyi huɗu, ba a samu gobara ba." 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram, da suke fassarawa daga Faransanci, su gwada ta a bakinsu su faɗa mana ko ta zauna.