Sabuwar ƙwarya ta ɓata min nono: wa ya taɓa gamuwa da wannan ɗacin?

Mai fura, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina dama fura a nan Agege ta Legas, kullum a roba da kwanon silba, sai masu saye suka matsa min wai furar ƙwarya ta fi ƙamshi. Na aika aka sayo min sababbin ƙorai uku da ludaya wurin masu kawo kaya daga Arewa. Na ɗauraye su da sabulu, na juye nono da asuba. Kafin azahar wallahi ba ya shiga baki, ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Na ƙara sukari, a banza. Wani ya kurɓa sau biyu ya ce cikinsa na juyawa. Haka na zubar da shi duka, kun kuwa san kuɗin nono a garin nan. Laifin ƙwaryar ne, ko hannu aka sa min?

Inna, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba wanda ya sa miki hannu, gaggawa ce ta ci ki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka tashi ana shuka duma a bayan danga, ko akuya ba ta kula totuwarsa. Idan aka fafe ƙwarya, sai an ƙanƙare cikin nan tas har a kai ga ƙashi, a cika ta da ruwa ta kwana, a zubar, a sake. Uwata da ƙasari take jiƙa tata, ruwan wankin gero, ta bar shi ya yi tsami a ciki, sannan ta goge da dusa ta kife a rana. Ba ta ƙirga kwana. Yatsa take sawa ta lasa, in da sauran ɗaci a koma ruwa. Lokacin aurena, ƙoran da aka jera min sai da suka yi sati biyu ana wannan hidimar. 'Yan kasuwar yanzu kuwa bayan ƙwaryar suke gyarawa ya yi sheƙi, cikin ko oho.

Ɗan dako, Mile 12:
Hajiya ki gode wa Allah a kurɓa biyu abin ya tsaya. Ni na sha kofi guda, da gangan. Idona ya yi rawaya, wani da muke kwana rumfa ɗaya ya ce shawara ce, ya fasa ɗanyen duma ƙarami ya jiƙa min totuwar, ya ce in toshe hanci in shanye, ɗacin shi ne maganin. Ko rabin awa ban yi ba na fara amai, gudawa ta biyo, daga baya aman ya zo da jini. Na miƙe in fita, ƙasa ta juya. A Keke aka kwashe ni. Likita ya ce jinina ya yi ƙasa sosai, kuma babu wata allurar da ke karya wannan gubar, sai ƙarin ruwa da jira. Kwana uku ina kwance, kuɗin da na tara na tafiya gida da Sallah duk ya tafi a can. Shawarar kuma tana nan, sai da aka yi gwajin jini aka nemi maganinta daban.

Dattijo, Alaba Rago:
Allah ya ƙara sauƙi, yaro. Amma kada a mai da ɗaci abin tsoro. Shekarata ta haura sittin, shuwaka nake ci, garahuni nake ci a kwaɗo, saiwar da na sha ba ta ƙirguwa. Wanda ya ba ka bai san awo ba ne kawai.

Malamin kimiyya, Ikorodu:
Baba, a gafarce ni, ɗaci suna ya tara. Na shuwaka daban, na duma daban. Abin da ke cikin duma sinadari ne da ake kira kukubitasin, kuma dangin nan duka suna iya yin sa: kabewa, kokwamba, guna, kwartowa, har soso. Makamin shukar ne na korar dabbobi. Waɗanda muke ci, manoma ne suka yi ta zaɓen iri marar ɗaci tun kaka da kakanni. Dumar ƙwarya kuwa ba wanda ya damu ya raba ta da ɗacinta, tunda ɓawon ake so.

Ni a gidana na gani. Na shuka kabewa a bayan gida da irin da na ajiye na bara, kusa da inda duma ya yaɗu kan katanga. Ta yi 'ya'ya masu kyau, uwargida ta yi miyar taushe, loma ɗaya kowa ya tofar. Ta ce a ƙara tafasawa. Na hana, don wuta ba ta kashe wannan sinadarin, ko an wuni ana dafawa. Ban ɗora wa duman katanga laifi ba, domin kabewa da danginta na jeji take barbara, kuma ƙishirwa da zafin rana kaɗai kan sa ɗacin ya dawo. A Jamus, a 2015, wani tsoho mai shekara 79 ya rasu bayan ya ci miyar wata 'yar kabewa mai ɗaci da aka noma a lambun gida. A Indiya, inda ake matse ruwan ɗanyen duma a sha don lafiya, an yi asarar rayuka har hukumar binciken lafiyarsu ta ja kunne cewa a ɗanɗana tukuna, in da ɗaci a zubar. Awon da za ki bi, Hajiya, harshenki ne. Shi ya sa maganar Inna ta lasa yatsa ta fi duk abin da zan faɗa.

Amarya, Obalende:
Ni kam tsoro ya kama ni. An turo min wani saƙo a WhatsApp cewa akwai gubar da ake kira kurare ta ƙwarya, wai tana shanye jiki mutum ya mutu idonsa biyu. Tun ranar na sauke ƙoran da Gwaggo ta kawo min na cusa su ƙarƙashin gado, har zungurun lalle na haɗa.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
Ƙanwata, fito da kayanki. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin tiyata, jikokin wannan kuraren nake miƙa wa likita kusan kullum. Ba a jikin ƙwarya yake ba. Dafin kibiya ne na maharban dajin Amazon a Kudancin Amurka, suna dafa ɓawon wasu itatuwa masu yaɗo har ya yi kauri kamar kwalta. Wasu ƙabilun su ɗura shi a ɗan gora ko ƙoƙo, wasu a bututun gora na kara, wasu a 'yar tukunya. Da ya isa Turai sai aka raba shi gida uku da sunan mazubinsa. Ke nan ƙwaryar jaka ce kawai, kamar a ce man kwalba.

Aikinsa kuwa, yana tare mahaɗar jijiya da tsoka, saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa ya rasa mai karɓa. Fatar ido ta fara saki, sai wuya, sai gaɓoɓi, a ƙarshe numfashi ya tsaya, alhali zuciya na bugawa. Abin da ya fi ba ni mamaki da muna makaranta shi ne labarin wani Bature, Charles Waterton, da a 1814 aka sa wa wani jaki mace dafin, aka huda maƙogwaro aka yi ta hura iska da zugazugi irin na maƙera har dafin ya sake ta. Ta tashi, ta yi shekaru tana kiwo. A 1935 Harold King ya ware sinadarin tubokurarin daga cikin kurare, a 1942 kuma Harold Griffith da Enid Johnson suka ba mutum kurare lokacin da ake yi masa tiyata a Montreal ta Kanada. Yau muna da na zamani irin su atirakuriyom, ana bayarwa tare da maganin barci don tsoka ta saki, na'ura na yi wa mutum numfashi, in an gama a ba da niyostigmin ya warware. Kuma ta rauni yake shiga jini, ba ta ciki ba, shi ya sa maharban ke cin naman da suka harba lafiya lau. Abin da ya kwantar da ɗan uwanmu na Mile 12 akasin haka ne, ta baki ya shiga ya ƙone hanji.

Mahauci, Oko-Oba:
Anti kin tuna min da kakana, maharbi ne a ƙasar Ningi. Nasu dafin da 'ya'yan kwankwani ake haɗawa, shi kuma zuciya yake kamawa. A ɗan gora yake ajiye shi can saman rufin ɗaki, ya rataye jallon alwalarsa a ƙasa. Duk gora ne, amma ranar da na miƙa hannu wajen na saman na sha dukan da har yau ban manta ba.

Uwar biyu, Ajegunle:
Ni ba ɗaci ne ya kore ni daga ƙwarya ba, laimar Legas ce. A Katsina ka kife ta a kan danki, kafin la'asar ta bushe ƙayau. A nan da damina na wanke masakina na rufe da faifai, bayan kwana uku na tarar da cikinsa ya yi baƙin fumfuna. Yanzu kusa da murhu nake kifewa, ba na rufewa. Maƙwabciyata Bayarabiya, su igba suke ce mata, ita ma hayaƙi take nuna wa tata. Kuma in ta tsage a nan sai haƙuri, na yi cigiyar gyartai har na gaji.

Mai fura, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau kwana tara ke nan ina bin yadda Inna ta ce. Da na sa cokali na ƙanƙara, sai ga totuwa busasshiya tana fitowa kamar auduga, ashe ko rabi ba a cire ba. Biyu sun daina ɗaci tun kwana na shida, jiya na dama a ɗaya na fara sha da kaina, na jira har azahar kafin na sayar wa kowa. Ta ukun har yanzu in na lasa sai na tofar. Na ba yara su kifa ta a ruwa su yi kiɗan ƙwarya. Inna, su ludayan fa, wuyan nan nasu da cokali ba ya shiga, da me ake ƙwaƙule shi?