Zaurenmu na WhatsApp ya yi tsit: yaya kuka farfaɗo da naku?

Mai buɗe zance, Zariya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da zauren waɗanda muka gama sakandare tare, mu 63 ne, amma wata huɗu ke nan babu abin da ke shigowa sai barka da Juma'a da sanarwar rasuwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya gwada.

Mai koyar da ɗinki, Maraɗi: Wa alaikumus salam, Malam. Namu na mata 28 ne, kuma na daɗe kafin in gane cewa ba abin faɗa suka rasa ba, kunyar rubutu ce, domin wasu da Faransanci suka yi boko, wasu kuwa allo kaɗai suka yi, kowa na gudun a yi mata dariya. Wata rana na ɗauki hoton wuyan rigar da ya ƙi kwanciya, na yi tambayata da murya. Kafin la'asar mata tara sun amsa, har da wata Hajiya da ba ta taɓa cewa uffan ba, wadda ta koya mana a datsa bakin yadin kafin a juya shi.

Ma'aikacin jinya, Kano: Mu bidiyon da ake turowa daga wasu wurare ne ya kashe mana zaure. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, abokan aikinmu da dama suka daina leƙowa. Muka hana turo kayan waje, sannan duk Asabar mutum ɗaya ya kawo tambaya guda daga wurin aikinsa.

Malami mai ritaya, Katsina: Ɗana, doka tana da amfani, amma ni ba ita ta dame ni ba. Na taɓa tambaya a zauren unguwarmu game da jinkirin fansho, na duba na ga mutum 40 sun karanta, kwana biyu babu wanda ya tanka, alhali hoton biki da aka sa bayan saƙona ya sha addu'o'i. Daga ranar na kama bakina har kusan shekara. Abin da ya dawo da ni shi ne wani matashi cikin masu kula da zauren da ya kira ni, ya gaishe ni, ya nemi in ba su tarihin kasuwar unguwar. Kuma ina roƙonku kada ku rufe zaure ya zama shugabanni kaɗai ke iya magana, domin namu bai murmure da wuri ba bayan an yi haka.

Mai buɗe zance: Baba, maganarka ta taɓa ni. Na koma baya na tarar da tambayar wani ɗan ajinmu kan makarantar da zai sa 'yarsa, tun watan jiya, kuma babu wanda ya amsa, har da ni. Zan kira shi bayan magariba in sha Allah.