Hajiya ta ce a kai mata yaro Tawa ta yaye shi, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya

Maman Abba, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Yarona na fari yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Abba muke ce masa don sunan baban maigida gare shi. Ƙafa ta yi ƙwari har gudu yake yi, yana hawa kujera ya sauko da kansa, baki ma ya fara buɗewa, har da ɗan Zabarmancin da yake kwasowa wurin yaran maƙwabta. Matsalarsa ɗaya, cin abinci. Shinkafa cokali biyu ya kau da kai, kunu ya tofar, sai biskit da taliya da shayin babansa. Nono ne abincinsa, musamman da dare.

Kwanan nan kasala da tashin zuciya suka kai ni likita, aka ce ciki ne wata biyu. Maigida da murna ya kira mahaifiyarsa Hajiya a Tawa ya gaya mata. Nan take ta ce a cire yaro daga nono, nonon ciki guba ne, kuma a haɗa shi da ƙanwar maigida a sa su mota, ita za ta yaye shi ta riƙe shi har in haihu. Jikokinta duka a ɗakinta aka yaye su. Da ta ji ya yi zawo a makon jiya sai ta ce to ga alama nan tun ba a je ko'ina ba.

Hajiya ba ta taɓa yi mini mugunta ba, Allah ya sani. Amma yaron nan da Sallah kawai yake ganinta, ko ɗaukarsa ta yi sai ya ƙwalla ƙara. Ga damina ta kama, ga nisa, Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500. Shin da gaske nonon mai ciki yana cutar da yaro? In kuma yayen ya zama dole, yaya ake yi wa yaron da ba ya cin abinci? Kuma da wane baki zan ce wa uwar miji a'a?

Inna Mai Cukwi, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi raba lafiya, shi raya Abba.

Ni kaka ce, na yaye nawa na yaye na ɗiyana. Mu yadda muka taso, ranar yaye ana karɓo rubutu wurin malam a ba yaro, a dama mishi fura mai kyau, wani gida har kaza ake yankawa. Uwa ta shafa abu mai ɗaci, kaka ta goya yaro ta tafi da shi. Yana kuka tana jijjiga, ƴan kwanaki ya manta. Ba ƙiyayya ba ce, hutar da uwa ake yi, balle ke mai laulayi. Kuma kaka tana jin an ba ta girmanta. In kika hana ta kai tsaye, ba zancen nono za ta ji ba, cewa za ta yi an raina ta.

Sai dai ki lura, a zamaninmu gidan kaka yana bayan gidan uwa, ko ƙauye na gaba. Yaro ya san ƙamshin zanenta tun yana jinjiri. Naku kuwa na waya ne. A raba yaro da nono, a raba shi da uwa da uba da ɗakin da ya sani duk rana guda, ya yi mishi yawa. Na ga yaran da suka ƙi ci don fushi har suka rame. Kuma ko a da ba mu son yaye da zafin bazara ko tsakiyar damina, an fi barin shi sai kaka ta yi, hatsi ya shigo, sauro ya ja baya.

Ku aika mata kuɗin mota ta zo Yamai. Ku ce Abba na son kakarsa, ke kuma kina bukatar mai tsaya miki. Ta yaye shi a ɗakinku.

Ungozoma, Talladje

Maman Abba, barka da arziki. Aikina ke nan kullum a wurin awo, kuma tambayar nan ba ranar da ba na jin ta.

Nonon mai ciki ba guba ba ne, ba ya lalacewa. Abin da ke faruwa shi ne, wajen wata na huɗu zuwa na biyar yakan ragu, ɗanɗanonsa ya canja, yara da dama ma da kansu suke saki. Muna cewa uwa ta daina shayarwa ne idan tana zubar jini, ko mara na murɗa mata sosai, ko ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓari a jere, ko tagwaye ne, ko ita kanta tana ramewa. Ki gaya wa wadda ke miki awo cewa kina shayarwa, ta duba ki. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ba gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta a shayar har shekara 2 ko fiye.

To me ya sa iyayenmu suka ga yaran kwanika suna lalacewa? Sun gani da idonsu, ba ƙarya suka yi ba. Yaro tsakanin shekara 1 da 2 yana samun kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin jikinsa daga nono. Rana ɗaya a tsinke masa wannan, a maye da kunu tsararo da fura da aka dama da ruwan da ba a tafasa ba. Zawo ya biyo, cin abinci ya tsaya, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. Sai a ce nonon ciki ne. Zawon Abba kuwa, yaro mai tafiya komai ya tsinta baki yake kaiwa, ga ruwan damina. Maganinsa SRO, wato ruwan gishiri da sukari na likita, da ƙwayar zinc ta kwana 10, a ci gaba da nono da abinci.

Ga yadda nake gaya wa matan da ke zuwa wurina. Fara da abinci kafin ki taɓa nono. Ki janye biskit da shayi, su ne ke toshe masa ciki, shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini. Ki ba shi abinci lokacin da yake jin yunwa, kafin nono, ba bayansa ba. Kwanonsa daban, don ki ga abin da ya ci. Sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ayaba, gwanda, dafaffen dankali ko ƙosai. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin waken suya, da ɗan mai. Garin Misola da ake sayarwa ma hatsi ne da waken suya da gyaɗa. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale, wake da aka murje, hanta, kifi da aka cire wa ƙaya. Ƙwai kuma ki ba shi, ba ya sa sata, ba ya hana magana. In ya ƙi abu yau, ki sake kawowa jibi, kada a yi masa ɗura.

Idan ci ya kankama sai ki rage nonon rana ɗaya bayan ɗaya, kina barin ƴan kwanaki a tsakani. Na dare shi ne na ƙarshe, kuma nan babansa zai yi aiki.

Ko ina yaron zai yi damina, kada maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya wuce shi, wanda ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, wata-wata daga Yuli. Na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na kwana biyun da ke biye a hannunku yake, nan ne ake yawan sakaci. Ki duba karnensa na likita, wato katin rigakafinsa, ko ya samu allurar ƙyanda ta biyu da bitamin A da maganin tsutsar ciki. Ke ma ki riƙe ƙwayoyin ƙarin jini, ki kwana cikin gidan sauro, ki ƙara cin abinci, mutum uku kike ciyarwa.

Baban Hafsa, Lazare

Ƴar uwa, ni abin da zan ƙara ta fuskar addini ne, don tsofaffinmu sun fi saurara idan ta nan aka biyo.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, sannan ta ce in iyaye biyu suka so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu, ba laifi. Wato maganar taki ce da mijinki. Akwai kuma hadisin Judama ƴar Wahbu, yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim: Annabi (SAW) ya yi nufin hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da ƴaƴansu, bai hana ba. Imam Malik ya fassara gila da kusantar mace tana shayarwa, wasu malamai suka ce shayarwar mai ciki ce. Ko wanne aka ɗauka, ba hani.

Tambayarki ta uku kuwa, ba bakinki ba ne zai faɗa. Wanda ya ɗaga waya ya kai labarin ciki shi zai sake ɗagawa. Mu maza mun iya zamewa mu ce "ku mata kun fi kusa", alhali kalma ɗaya daga ɗa ta fi goma daga suruka sauƙin haɗiya.

Maman Nana, Wadata

Ni dai ban yarda a hankali ɗin nan yana yi wa kowa ba. Ina sayar da atamfa a kasuwa, na gwada ragewa, yarinya ta gane, da na dawo gida sai ta manne ta rama na yini duka, dare kuma ba barci. Ƙarshe yayata da ke Yantala ta ɗauke ta, na riƙa leƙawa da yamma. Ta yi kukanta ta gama, ga ta nan ƙatuwa. Amma gaskiya Nana tana cin tuwo sosai tun kafin nan, kuma ta saba da gidan yayata. Naki da ba ya ci, ki bi ta Madam ungozoma tukuna.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ciwon nono. Ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba na iya ɗagawa. Ki shirya masa.

Maman Abba, Bukoki, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida, ya yi shiru, daga baya ya kira Hajiya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce sai an gama shuka za ta ga ko za ta iya tasowa, kuma har yanzu tana kan bakanta game da nonon. Mun ɓoye biskit, Abba ya yi ta birgima a ƙasa, amma da yamma ya ci wake da ɗan mai. Madam, ciwon da Maman Nana ta faɗa fa?

Ungozoma, Talladje

In kin bi a hankali da wuya ya kai haka. In ya cika, ki tatse kaɗan da hannu, daidai yadda za ki ji sauƙi, kada ki tatse duka don zai sake kawowa. Ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure ƙirji tamau. In wuri ɗaya ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya zo, ki taho likita ranar, kada ki sayi magani a tebur tunda kina da ciki. Ranar awonki ki zo da Abba da karnensa na likita a auna masa damtse. Ma'aunin damtsen in ya nuna kore, wato daga milimita 125 zuwa sama, sai mu tsara ragewar tare.