Tsohuwar talabijin mai aiki: wa ya dace a ba?

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Akwai tsohuwar talabijin a wurina, Sharp, inci 21, irin mai ƙaton bayan nan. Lafiyarta ƙalau, hoto tar, murya ras, rimot ɗinta ma yana nan. Tun da maigida ya sayo filasma take ajiye a sito tana shan ƙura, ga shi ƙarshen wata za mu tashi daga Fadaman Mada a nan Bauchi, gidan da za mu koma kuma ɗakunansa ƙanana ne. Ba kuɗi nake nema ba, so nake ta je inda za a more ta.

Autan Jahun: Wa alaikumus salam Anti. Ki tsayar da 'yan jari-bola mana, kullum suna wucewa da kura. Su ɗauka, su ba ki abin da ya samu, kin huta.

Maman Walid: Su na fara tunawa, Auta, amma abin da na gani a layinmu ya sa na fasa. Maƙwabciyata ta sayar musu da tata, kuɗin ko mudun shinkafa bai kai ba. Nan ƙofar gida suka sa mata guduma, suka zare jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar da ke nuna hoto, suka kwashi allon ciki, suka bar tarin gilashi a bakin kwata. Washegari yara na ta tsintar gutsattsarin suna haska rana da su, wasu ko takalmi babu. Ba zan iya miƙa abu mai rai a yi masa haka ba.

Malam Mai Gyara (Wunti): Hajiya kin yi daidai. Ni wannan ce sana'ata tun zamanin baƙi-da-fari, bari in faɗa muku abin da ke cikin akwatin nan. Kwalbar babu iska a cikinta, an zuƙe ta tas, shi ya sa in ta fashe take tarwatsewa da ƙarfi. Sannan akwai wata jar waya mai kauri da ke manne a jikin kwalbar da hular roba. Wutar da ke bi ta nan ta haura bolt dubu 20 in tana aiki, kuma ko an zare soket kwalbar tana riƙe saura. Mu kanmu sai mun sauke wutar kafin mu sa hannu. Don Allah kowa ya ja kunnen yaransa, kada a kwance bayanta a gida don neman maganaɗisu ko waya.

Anti Nas: In ƙara a kan na Malam. Gilashin bayan kwalbar da dalma aka haɗa shi, don ya tare hasken da ke cutarwa, a manyan ma dalmar takan haura kilo guda. Muddin kwalbar na nan ɗungum babu abin tsoro, a yi ta kallo. Matsalar sai an farfasa, an bar shi yana niƙewa cikin ƙasa, ruwan sama na wanke shi, ga rijiyoyi a gidajenmu. Mu ma'aikatan lafiya ba mu manta Zamfara ba, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje, ba daga talabijin ba, kuma yawan ba ɗaya ba ne, amma gubar ita ce dai. Yaro ƙarami ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da an lura ba. Ƙona robar waya don a ciro jan ƙarfe shi ma hayaƙinsa guba ne, kuma yaran da ke wannan aikin namu ne.

Autan Jahun: Wallahi ban san da wannan ba, Anti. To gidan marayu fa?

Baffan Yelwa: Gidan marayu a fara zuwa a tambaya tukuna. Sau da yawa abinci da sabulu da kuɗin makaranta ne damuwarsu, wasu kuma sun riga sun samu filasma daga masu hali. In aka kai ba a tambaya ba, karɓa za su yi don kunya, ta koma sitonsu. Ni dai ga waɗanda na san suna so da gaske: mai shayi, mai aski, masu gadi, da masu shagon gem na yara. Su masu gem har nema suke, don PlayStation 2 ta fi zama daidai a kan irin wannan, kuma tana jure hannun yara.

Hajiya Babba: Ni kam ina da magana. Abin da mutum ya gama yayinsa ya ture gefe, shi ne zai kira sadaka? Allah ya hana mu zaɓo mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai da runtse ido. Yana nan cikin Baƙara, aya ta 267. Kada mu mai da gidan talaka wurin zubar da tarkacenmu, mu kuma zauna muna jiran lada.

Maman Walid: Gaskiya ne Hajiya, ranki ya daɗe, abin ya tsaya min a rai ni ma. Shi ya sa na ce sai wanda zai more ta. Da ta lalace ba zan kai wa kowa ba.

Malamin Firamare: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. A ganina abin da zai raba kyauta da zubar da shara abu ne mai sauƙi: a kunna ta a gaban mai karɓa, a faɗa masa gaskiyar shekarunta da wutar da take ci, a bar shi ya ce yana so ko ba ya so. Ban da haka a duba da me zai kalla. Ƙasar nan ta kama hanyar komawa dijital tun da aka fara a Jos a 2016, yawancin abin da mutane ke kallo yanzu ta dikoda yake zuwa. Talabijin ba dikoda a gidan da ba su da halin saya, nauyi aka ƙara musu.

Malam Mai Gyara (Wunti): Wannan mai sauƙi ne Malam. Maman Walid ki leƙa bayanta, in akwai ramuka uku, ja da fari da rawaya, shi ke nan. Dikodar StarTimes da GOtv da risiba ta dish duk akasari suna da wannan hanyar, DVD ma haka. Rawaya hoto, ja da fari murya. Wanda ba zai iya biyan kuɗin wata ba, risiba ta tashoshin kyauta ta fi masa, sau ɗaya ake kashe kuɗi. In kuma na'urar da za a haɗa ramin HDMI na zamani kaɗai gare ta, akwai ɗan ƙaramin akwatin da ke juya shi, ana samu wurin masu kayan lantarki.

Yaya Injiniya: Maganar wuta kada a raina ta. Mai inci 21 irin wannan takan ci wajen wat 60 zuwa 100, kusan ninkin abin da ƙaramar LED ke ci. Na ji wasu na cewa a aika ƙauye, Liman Katagum ko Dass. In gidan ƙaramar sola ce gare su, mai ƙwai biyu da cajin waya, ba za ta ɗauka ba, batir kawai za a kashe musu. A ba wanda ke da wutar gari ko janareta.

Batun sake sarrafawa kuma, doka tana nan. NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, ita ke da alhakin dokokin sharar kayan lantarki, akwai kuma ƙungiyar EPRON da kamfanoni suka kafa don karɓar tsofaffin kaya. Hinckley, kamfanin da ke da lasisin kwance irin wannan, a Legas yake, ɗaukar talabijin guda zuwa can ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ranar da muka tara matattu da yawa a zauren nan, mu je ofishin BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, a ƙungiyance mu nemi su nuna mana inda za a kai. Mai aiki dai ba ta kai nan ba tukuna.

Maman Hanan: Tun ɗazu nake karantawa, ina jin nauyin magana. Akwai wata baiwar Allah a Bakaro, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tasu ta ƙone bara. Kullum bayan magariba yaran sun bazu gidajen maƙwabta kallo, har da budurwar cikinsu, uwar ta yi ta bin gida-gida tana kiran su. Ta taɓa ce min ba kallon ne ya dame ta ba, yawon daren ne. Suna da mita, eriyarsu ma tana nan a kan rufi. In kin amince, Maman Walid, in tambaye ta a keɓe, ba sai an ambaci sunanta a nan ba.

Hajiya Babba: To wannan ita ce magana. A tambaye ta cikin mutunci. In ta ce tana so, akwai dikoda a wurina da jikokina suka bari da suka koma Gombe, na haɗa da ita.

Maman Walid: Alhamdulillahi. Maman Hanan don Allah ki kira ta. Allah ya saka Hajiya.

Malam Mai Gyara (Wunti): Kafin a kai, a biyo da ita shago. Abin da ya daɗe a ajiye sai an hure ƙura, a duba wayar wuta ko ɓera ya taɓa, in bar ta a kunne na ɗan lokaci in ga ko za ta yi zafi fiye da ƙima. Ba zan karɓi ko sisi ba. Wurin ɗauka kuma a kula, nauyin duk a gaba yake. Mutum biyu su kama, ko mai ɗauka ya jingina fuskar a ƙirjinsa. A cikin Keke Napep a shimfiɗa bargo, wani ya riƙe, kada bayan ya bugu, wuyan kwalbar siriri ne, in ya tsage an gama. A gidan a ɗora ta kan teburi mai ƙarfi, ba kan durowa mai rawa ba, don ƙananan yara kan ja ta ta faɗo musu. A nisanta ta da babbar sifika, maganaɗisu na ɓata kalar hoto. Kuma a bar lulluɓe ta da zane tana kunne, ramukan bayan nan iska take sha.

Maman Hanan: Na same ta. Ta ce tana so ƙwarai, tana ta addu'a. Ta ce Asabar da safe tana gida.

Baffan Yelwa: Malam, ni tawa matacciya ce, tana bayan ɗaki tun bara, damina ma ta sauka a kanta. Yaya zan yi da ita?

Malam Mai Gyara (Wunti): Kawo ta yadda take, Baffa, kada a fasa. Irin su muke cire kayan gyara, yaran shago kuma da su suke koyon aiki. Kwalbar zan ajiye ta ɗungum a lungu har Injiniya ya haɗa tafiyar da ya ce.

Autan Jahun: Anti ni zan zo da Keken abokina ranar Juma'a bayan la'asar mu kai wa Malam, Asabar mu wuce Bakaro. Baffa, in kana gida sai mu biyo ta Yelwa mu ɗauki taka.

Maman Walid: Allah ya kai mu, Auta. Zan sa rimot ɗin da sababbin batir a leda in manna a jikinta. Hajiya, wa zan tura ya karɓo dikodar?

Hajiya Babba: Ki bari, direba zai kai wa Malam shago gobe.